Shekarar da Aka Yi wa Sarkin Tauri Lamba

Kwanan baya na ji ɗaya daga cikin matasan ofishinmu yana gaya wa abokinsa cewa shirya taron makaɗa ba sana'a ba ce, hutu ne da albashi. A ganinsa mutum zai kafa rumfa, ya jera kujeru, ya ɗaura lasifika a kan sanda, sauran aikin kuwa na masu ganga ne. Ban tanka masa ba, domin ni ma haka na ɗauka lokacin da nake kamarsa, kuma ban tabbata zan saurara ba da wani ya tsaya yi mini bayani. Amma tun da na cika hamsin nake ganin ya kamata in rubuta abin da na sani game da wannan aiki, ko da a ce masu karantawa za su ƙare da ra'ayin da suka fara da shi.

Na shiga aikin ne a shekarun da ƙasar nan ta karɓi mulkin kai, zamanin Jihar Arewa, kafin in tafi jami'a. An ɗauke ni ƙaramin malami a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya, na Tambuwal, aka haɗa ni da wani dattijo, Baba Tunau, wanda kowa ke kira Sarkin Wasa. Shi ya gāji shirya taron makaɗa da ake yi a Kebbe kowace shekara bayan amfanin gona ya shiga rumbu. Nawa aikin shi ne kula da lasifikar En'e da rubuta abin da ya kamata a rubuta. Nasa kuwa shi ne duk abin da ba ya rubutuwa, wato kusan aikin gaba ɗaya.

Aikin farko da ya koya mini shi ne yanka fili. Mun isa Kebbe da hantsi, ni ina neman inuwa, shi kuwa ya tsaya tsakiyar fage ya ɗebi ƙaiƙayi ya watsa sama, yana kallon inda iska ta kai shi. Daga nan ya san inda zai zaunar da masu gangar noma, domin in ka sa su ta inda iska ke fitowa, mai kukuma da mai gurmi sun zama kurame masu motsa baki. Ya duba inda rana za ta faɗa bayan la'asar, don kada ta shiga idon hakimi. Ya bar wa mata gefen da ya fi kusa da rijiya, ya bar wa makiyaya bakin fili ta wajen itatuwa, inda mutum zai iya sauraron goge da kunne ɗaya, ɗayan yana wajen shanunsa. Sai da ya gama wannan duka ya ba ni bakin igiya ya ce in ja.

Jerin fitowa shi ne wurin da ake yin abokan gaba. Makaɗin da ka sa ya fara zai ce ka mayar da shi mai share fage. Wanda ka ajiye ƙarshe zai ce ka bar masa tabarmi babu mutane. Masu taushi da kotso, da yake makaɗan fada ne, ba sa yarda su fito bayan makaɗan mahauta, su kuma waɗannan sukan ce ai da jin kalangunsu kasuwa ke ci. Dabarar Baba Tunau ita ce ya bi kowa har masaukinsa da goro, ya rage murya, ya gaya masa cewa lokacin da aka ba shi shi ne wanda sauran suka kwana suna roƙo. Na taɓa tambayarsa ko wannan ba ƙarya ba ce.

Ya ce, "Malam, wagga ba ƙarya ba ta, mai na. Ko kekenka in ba ka ɗiga mai mai ba, kuka shika yi."

Har yau ban gama yanke hukunci a kan wannan amsa ba, amma ban daina aiki da ita ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai igiya da turaku, da tabarmi, da goro, wanda ya fi su duka amfani. Sai lasifika da batirinta irin na mota, mai nauyin ɗan maraƙi, wanda hanyar Tambuwal zuwa Kebbe ke girgiza shi har ruwansa ya zube ya cinye mini wando. Makaɗa kuma iri biyu ne a gaban bakin lasifika. Akwai mai gudunsa, kamar wani mai goge da ya rantse abin yana shan murya, ya ƙi matsowa sai da na lulluɓe shi da hula. Akwai kuma wanda in ya kama shi sai an ɓamɓare, kamar wani mawaƙin noma da ya bar waƙa ya shiga gaida surukansa na Sanyinna ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu.

Amma iyayen gidan mai wannan sana'a na gaskiya su ne 'yan kallo. Kuskure ne a ɗauke su taron mutane kawai. Waɗannan manoma ne da makiyaya da suka tako da ƙafa daga Fakku da Sanyinna da ƙauyukan da ko sunansu ba a ji a Sakkwato, sun san kowace waƙa fiye da 'yan amshi, kuma in mawaƙi ya tsallake kakan wani a cikin yabo, daga bayan fili za a tuna masa. Da wasan suke lissafin shekara. Ana sa ranar aure a ce bayan wasa, ana ɗinka riga a ce ta wasa, tsoho ya kwanta ciwo ya ce Allah dai ya kai shi wasa.

A cikinsu duka babu wanda ya kai Arzika, Sarkin Taurin Fakku. Ga wanda bai sani ba, 'yan tauri su ne waɗanda suka sha maganin ƙarfe, aka ce wuƙa ba ta cin jikinsu. Kowannensu yana da takensa, wato kiɗan da aka keɓe masa shi kaɗai, kuma da zarar makaɗinsa ya buga shi sai jikinsa ya ɗau rawa, ya tsuma, ya fito fage yana gurza wuƙa a ciki da wuya. Ni da hannuna na taɓa yanka igiya da wata wuƙa, na miƙa wa Arzika, na ga ta lanƙwashe a cikinsa. Na yi karatun jami'a bayan haka, ban sami wanda ya bayyana mini abin ba, ni kuma ba zan yi da'awar na gane ba. Arzika shi ke rufe wasa kowace shekara, amma tun kafin a fara yake zuwa ya shimfiɗa buzunsa a sahun gaba, ba ya tashi sai salla. Makaɗinsa Nomau mai kalangu ne, tare suka taso, kuma alfaharin Nomau ɗaya ne a duniya: hannunsa bai taɓa ɓata take ba.

Mummunar shekarar ta zo ne da cutar agana. Ta fara daga garuruwan da ke kan hanyar fatake, ta bi kasuwanni, kafin a gama yankan gero ta shigo ƙasarmu. Ba abin dariya ba ce. Akwai gidajen da aka rufe ƙofa aka bar abinci a bakin zaure, akwai waɗanda suka tashi da makanta, akwai waɗanda ba su tashi ba. Babban duba-gari ya zo daga Sakkwato da kansa, ya zauna da hakimin Kebbe, aka kira mu ni da Baba Tunau. Maganarsa gajeriya ce. Taro irin namu shi ne abin da cutar ke so. Zai dawo ranar kasuwar Kebbe da masu lamba, wato masu yi wa mutane 'yar tsagar rigakafi a dantse. In jama'a sun fito an yi musu, zai bari a yi wasa. In kuwa sun gudu kamar yadda suka saba, babu wasa bana.

Kuma sun saba ɗin. Lamba tana kumbura hannu ta sa zazzaɓi, mutane kuwa sun ƙara mata nasu labarai. Da an ji motar masu lamba sai gari ya zama kufai, maza su shige fadama, mata su hau rumbu da goyo. Wanda aka kama kuma sai ya ruga gida ya goge wurin da toka da lemun tsami.

Labari bai kwana ba ya zaga ƙasa. Kashegari ƙofar hakimi ta cika da mutanen da suka zo jin ko gaskiya ne. Wata tsohuwa mai masa ta kama mini hannun riga tana tambaya ta ko gwamnati ta san ta riga ta sa an surfa mata shinkafa. Wani makiyayi ya ce shi ya juyo da garkensa tun daga nesa saboda mai goge guda, in babu wasa a ba shi mai gogen ya tafi da shi ruga. Baba Tunau ya hau kan dakali ya yi musu bayani, ya ce abin a hannunsu yake, ko a dantsensu. Can wani saurayi ya ɗaga murya daga baya.

"In Arzika ya yi, mu yi."

Nan take maganar ta zama ta kowa. Ba na jin sun faɗe ta don girmama shi kaɗai. Sun san ƙarfe ake yin lamba da shi, sun kuma ɗauka sun sami katangar da za su fake a bayanta.

Tafiya Fakku ita ce aikin da ya biyo baya. Na goya Baba Tunau a babur ɗin ofis, yana salati a kowane rami. Mun sami Arzika a gindin bedi, wato dogonyaro, yana gyaran kube, Nomau na gefensa yana ɗaure tsarkiyar kalangu. Bayan gaisuwa da goro, Arzika ya dube ni.

"Malam, kai kay yi boko. Abin ga da suka yin lamba da shi, icce na ko ƙarfe?"

Na ce ƙarfe ne, 'yar ƙaramar aska ce.

"To ka gani. In tas shiga gaban mutane, na zama abin dariya har jikokina. In tak ƙi shiga, duba-gari shi ce wayo niy yi. In niƙ ƙi zuwa, babu wasa, kuma har in mutu a ce Arzika yah hana ma mutane kiɗi. Ni kau in ba a yi wasan ga ba, mi nika jira cikin shekara?"

Na kawo shawarar a yi masa a cikin ɗaki, ba mai gani.

"In ba a gani ba, wa za shi bi ni? Kuma ranar wasa da riga nika fitowa? Su ga tabo, su ce ɓoye niy yi awa ɓarawo."

Baba Tunau ya ce a nemi ƙayar aduwa a yi da ita, tunda ƙaya ba ƙarfe ba ce. Na ce masa ba na jin dokar asibiti ta san aduwa. Nomau ya ci gaba da jan tsarkiya, ya ɗan taɓa fatar kalangun don ya ji ko ta ɗauru. Na ga kafaɗar Arzika ta motsa. Shi ma ya lura, ya dubi kalangun, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Tunau, kai dattijo na. Ka taɓa ganin ɗan tauri ya tsuma babu kiɗi?"

"Ban taɓa ba."

"To kowa ya san hakanan. Tauri in bai ji take ba, kwana shika yi. Ku shaida ma mutane zan kwance kayana ranar kasuwa, in kwantar da maganina da kaina, don su samu wasa. Amma da sharaɗi. Daga fitowar rana har a ƙare, kada in ji kiɗi cikin Kebbe. Ko tabarya kada in ji ta faɗa turmi. In anka tashe shi, babu ruwana."

Ta haka ne ni, wanda aka ɗauka don in ƙara wa surutu ƙarfi, aka ɗora mini shirya shiru a gari guda ranar kasuwa. Ban taɓa yin aiki mai wuyarsa ba, kafin nan ko bayan nan. Mai shelar gari da ganga yake tara mutane, saboda haka sai da na ɗora lasifika a amalanke na zaga unguwanni ana jajibiri, ina kururuwar a yi shiru gobe. Mata suka yi dakan kwana biyu a yini ɗaya suna yi mini addu'o'in da ba zan rubuta ba. Maƙera sai da Baba Tunau ya zauna da sarkinsu, aka yarda wuta za ta huta. Masu bugun rini suka ajiye mabugi. Mai gyaran kwanuka aka roƙe shi ya tafi ziyara. Makaɗan da suka riga suka sauka a gari su suka fi ba mu wahala, domin karɓar sandan kiɗa daga hannun makaɗi kamar karɓar carbi ne daga hannun liman. Muka tara sandunan a buhu, sannan Baba Tunau ya tuna cewa yatsa ma yana kiɗa, muka koma muka kwashe gangunan da kalangai muka rataye a zauren hakimi. Aka aika a tambayi Arzika hukuncin jakuna, ya aiko cewa kukan jaki ba kiɗa ba ne, ko da yake ya san mawaƙan da ba su fi shi ba.

Ranar kasuwa, da hantsi, aka kafa teburin masu lamba a gindin tsamiya. Kasuwa ta cika har ta batse, amma kana jin tattakin tumaki. Mutane suna ciniki da raɗa kamar a gidan makoki. Babban duba-gari ya zauna a kujera yana kallon jama'ar da ta yi da'ira nesa da tebur, ba wanda ya matso. Wanda zai yi lambar shi ne Malam Haliru, wani siririn ma'aikacin asibiti ɗan asalin Sanyinna.

Arzika ya shigo a hankali, Nomau na biye da shi hannu rabbana. Ya tuɓe riga. Ya kwance guru daga ƙugu, ya cire kambuna daga dantse, ya zare layu daga wuya, yana miƙa wa Baba Tunau ɗaya ɗaya har hannun dattijon ya cika. Sannan ya zauna a kan kifaffen turmi ya miƙa hannun hagu.

Abin da babu wanda ya yi lissafinsa shi ne Malam Haliru tun yana yaro yake kallon wasan Arzika. Ya ɗauki askar. Ya goge dantsen da auduga. Ya sāke gogewa. Ya matso kusa da ni ya raɗa mini, "Malam, in tak karye fa? Kayan gwamnati na." Na ce ya yi bisimilla ya yi aikinsa. Ya koma ya sāke goge dantsen.

Shirun ya yi tsawo. Nomau yana tsugune gefe, kusa da wata mai fura da ta kife ƙwaryarta. Tun suna samari bai taɓa ganin Arzika tsirara daga ƙugu zuwa sama a gaban taro ba tare da ya yi masa kiɗa ba. Na tabbata bai san lokacin da hannunsa ya sauka a bayan ƙwaryar ba. Yatsu uku ne kawai, a hankali. A ranar kasuwa ta kullum ko mai furar ba za ta ji ba. A cikin shirun da na kwana biyu ina ginawa, har mahauta sun ji daga ƙarshen kasuwa, kuma babu wanda bai gane taken ba.

Kafaɗun Arzika suka fara rawa. Idanunsa suka kaɗa. Ya yi wata irin kururuwa ya miƙe, turmi ya gangara, Malam Haliru ya saki aska ya dawo bayana. Jama'a suka ɓarke da sowa, "Ya tsuma! Sarki ya tsuma!" Rabinsu murnar kallon kyauta suke yi, rabi murnar sun tsira daga lamba. Babban duba-gari ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya ce wa mutanensa su haɗa kaya. Ya dubi hakimi ya ce, "Ranka ya daɗe, aiki na zo yi, ba kallo ba. A sanar babu wasa."

Arzika yana tsakiyar fage yana huci, amma kunnensa na aiki. Na ga ya dubi akwatin da ake rufewa, ya dubi jama'a. Yanzu an buga take kowa ya ji, in aska ta shige shi, maganinsa ƙarya ne. In bai zauna ba, wasa ya tafi. Sai ya tsaya cak, ya juya.

"Nomau!"

"Sarki."

"Abin ga da kab buga, takena na?"

Duk wanda ke wurin ya san amsar. Ya kuma san abin da ake roƙon Nomau ya bayar. Nomau ya dubi hannunsa kamar na wani ne aka ara masa. Ya dubi zauren hakimi inda kalangunsa ke rataye.

"Ba naka ba na, Sarki."

"Na wa na?"

"Ba na kowa ba na. Naka nis so bugawa, hannu yab ɓata."

Wani irin gunaguni ya bi taron. Nomau ya ɓata take! Wani mai gangar noma da suka daɗe suna hamayya ya ce a maimaita, bai ji da kyau ba.

Arzika ya ce, "Na sani! Ni ma na ji shi da ɗingishi."

Saurayin nan na ƙofar hakimi ya sāke ɗaga murya. "To Sarki, in ba takenka ba na, mi yas sa kat tashi kana ruri?"

"Cinnaka yac cije ni, ɗan nema. Maganin ƙarfe nis sha, an ce maka na cinnaka na? Zo ka zauna bisa turmin ga ka ji."

Dariyar da aka yi ta sa babban duba-gari ya dakata da hannu a ƙofar mota. Arzika ya tayar da turmin da kansa, ya zauna, ya miƙa dantse. Nomau ya nisanci ƙwarya, ya zauna a kan tafukan hannunsa biyu. Baba Tunau ya tura Malam Haliru gaba, ya ce masa, "Ɗana, in kas sake goge hannun ga, fata ta ƙare." Malam Haliru ya ɗauki wata aska, ya rintse ido ɗaya, ya yi tsagar.

Jini ya fito, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar gero. Arzika ya karkata kai ya daɗe yana duban wurin, sannan ya ɗaga hannun sama ya juya shi kowa ya gani.

Ya ce, "Ashe ja na. Tun da anka haife ni ban taɓa ganin nawa ba."

Wani tsohon wanzamin Fakku da ke sahun gaba, wanda ya yi masa kaciya yana yaro, ya yi tari ya kau da kai.

Nomau ne na biyu. Bayansa sai saurayin mai baki, wanda abokansa suka ɗauko cak suka dire a kan turmi. Daga nan layi ya miƙe har bayan kasuwa, kowa na naɗe hannun rigarsa na hagu kamar yadda ya ga Sarkin Tauri ya yi. Masu lamba suka yi aiki har rana ta karkata, suka kwana a gari, suka bi ƙauyuka. Babban duba-gari ya ba da izinin wasa, ya kuma ce a ajiye masa kujera. Cutar ta lafa a ƙasarmu bayan haka. Ni ba likita ba ne da zan auna rabon lamba da rabon ƙarewar wa'adi, amma na san gidajen da aka rufe ba su ƙaru da yawa ba, na kuma san akwai buzaye a sahun gaba da masu su ba su zo shimfiɗawa ba.

Sai dai akwai lissafin da ya kuɓuce mana duka, ni da Baba Tunau da Malam Haliru da makaɗan kansu. Lamba ba ranar da aka yi ta take ciwo ba. Sai ta kwana biyu ta kama, dantse ya kumbura, kaluluwa ta fito a hammata. Ranar da ta kai matuƙa kuwa ita ce ranar da muka sa wasa. Kalangu a hammatar hagu ake matse shi. Goge da kukuma da gurmi, da hannun hagu ake danna tsarkiyarsu. Mai ganga a kafaɗar hagu yake rataye ta. Da mutum ɗaya ya ce a yi wa makaɗa a dama, da an yi, amma kowa yana kallon Arzika.

Ban taɓa jin kiɗa mai muni irin na wannan shekara ba. Masu taushi suna bugu suna cije leɓe. Mai goge ya ja wata murya da ta sa shanun makiyaya suka miƙe tsaye. 'Yan amshi suna amsawa da nishi. 'Yan kallo kuma kowa ya buɗe gwiwar hannu gefe kamar kaza a zafin rana, ba mai matsar wani, ba abin da kake ji sai "kada ka taɓa ni, malam." Duk da haka ba wanda ya tashi. Tsohuwa ta sayar da masarta tas tun kafin azahar. Makiyayin nan ya saurari mai gogensa har ƙarshe yana share hawaye, ban sani ba ko na daɗi ne ko na hammata.

Bayan la'asar aka zo rufewa. Arzika ya fito da layunsa da kambunansa duka a hannun dama, na hagu yana riƙe da shi nesa da jiki. Nomau ya saɓa kalangu, ya yi bisimilla, ya matse. Sai ya saki ƙara shi da kalangun tare, taken ya fito a karkace kamar amalanke mai ƙafa ɗaya. Ya sāke gwadawa, ya fi na farko lalacewa. Arzika ya tsaya da wuƙa a hannu yana jiran jikinsa ya motsa.

"Nomau, wanga kuma taken wa na?"

Nomau ya share zufa, ya gyara kalangu da ƙyar.

"Naka na, Sarki. Tsuma hakanan da haƙuri, shi ma taken an yi mai lamba."